Tankin Lemo da Famfon Gareji: Yadda Amurkawa Ke Dafa Giya a Gida

Har zuwa farkon shekarar 1979, duk Ba'amurken da ya dafa giyar sha'ir a ɗakin girkinsa ba tare da lasisi ba ya taka dokar tarayya. Yau kuwa abin ya zama sha'awa mai ƙungiyoyi da mujallu da gasar shekara-shekara, har da shagunan da ba su sayar da komai sai kayan aikinta. Ni Musulmi ne, ba na shan giya, ba kuma tallarta na zo yi ba. Malamin kimiyyar sinadarai ne ni, kuma zaman ƙaro ilimi a jihar Kolorado ya haɗa ni maƙwabtaka da wani dattijo, injiniya mai ritaya, wanda ya mayar da garejinsa wurin dahuwa. Abin da na gani a wurinsa ya nuna mini cewa kaso mafi tsoka na wannan aiki ilimin awo ne da tsafta, kuma iliminsa yana da amfani ko ga wanda ke gudun giyar.

Yadda doka ta buɗe ƙofa

A watan Janairun 1920 Amurka ta haramta yin barasa da sayar da ita a duk faɗin ƙasar. Haramcin ya ɗauki kusan shekara 14, aka soke shi a Disambar 1933. Bayan sokewar, doka ta bar magidanci ya yi giyar inabi don amfanin gidansa, amma ba ta ba da irin wannan izini ga giyar sha'ir ba. Haka aka zauna sai ranar 14 ga Oktoban 1978, lokacin da Shugaba Jimmy Carter, mutumin da aka sani da riƙon addini da nesanta kansa da shaye-shaye, ya sa hannu a dokar da ta gyara wannan. Ta fara aiki ranar 1 ga Fabrairun 1979. Ta yarda wa baligi ɗaya galan 100 a shekara, kimanin lita 380, gida mai baligai biyu ko fiye kuma galan 200, bisa sharaɗin ba za a sayar ba. Jihohi na da nasu iko, shi ya sa Misisipi da Alabama ba su amince ba sai a 2013. Birtaniya ta riga su, don tun 1963 ta cire sharaɗin lasisi.

A ƙarshen 1978 ɗin, a garin Boulder, Charlie Papazian da Charlie Matzen suka kafa ƙungiyar masu dahuwar gida ta Amurka, tare da mujallarta Zymurgy. Papazian injiniyancin nukiliya ya karanta, kuma littafin da ya fitar a 1984 shi ya koya wa dubban mutane aikin. Daga garejoji irin na maƙwabcina manyan kamfanoni suka fito. Ken Grossman ya fara da shagon kayan dahuwa a Chico ta Kalifoniya kafin kamfaninsa Sierra Nevada ya soma aiki a 1980. A lokacin dokar Carter masana'antun giya a Amurka ba su kai 100 ba; a 'yan shekarun nan sun haura 9,000. Har a fadar White House an dafa giya a 2011, zamanin Obama, da zumar da aka kiwata a harabar fadar.

Abin da ke faruwa cikin tukunya

Kaya huɗu ne tushe: ruwa, tsiron sha'ir, yis, da wani fure mai ɗaci da ake kira hofs. Hatsi sitaci ne, yis kuwa ba ya iya cin sitaci sai an mayar masa da shi sukari. Don haka ake jiƙa sha'ir ya fara tsiro, a busar, a ɓarza. Tsiron yana ɗauke da sinadaran da ke narka sitaci. Mai dahuwa zai zuba ɓarzajjen tsiron a ruwa mai zafin digiri 65 zuwa 68, ya rufe kamar awa ɗaya. Idan zafin ya wuce haka sosai sinadaran su mutu, idan ya gaza su yi kasala. Ruwan da aka tace daga nan zaƙi gare shi, babu ɗigon barasa a cikinsa. Masu kunun zaƙi da ke haɗa gasara da tsiron hatsi ko ɗanyen dankalin Hausa wannan aikin suke yi, ko da ba su san sunan sinadarin ba.

Sai a tafasa ruwan awa ɗaya tare da hofs, a huce shi da gaggawa zuwa kimanin digiri 18 ko 20, a zuba yis, a rufe a bokiti mai ɗan bututun da ke barin iska ta fita amma ba ta shiga. A nan ne komai ke sauyawa. Cikin mako ɗaya zuwa biyu yis zai cinye sukarin, ya fitar da abu biyu: barasa da iskar kabon. Maƙwabcina ba ya dogara da harshensa. Yana da ɗan ma'aunin gilashi mai yawo a ruwa, wanda ke nuna kaurinsa. Idan ya fara a 1.050 ya sauka zuwa 1.010, ya san barasar ta kai wajen kashi 5 cikin ɗari.

Abin da ya fi cin lokacinsa shi ne wanki. Bayan tafasa, duk abin da zai taɓa ruwan, cokali ne ko tiyo ko murfi, sai an wanke shi an kuma jiƙa shi a maganin kashe ƙwayoyin cuta. Yakan ce shi mai wanke-wanke ne, yis ne mai dahuwa. Wannan tsoron ƙwayoyi gado ne daga Louis Pasteur, wanda ya tabbatar cewa halittu masu rai ne ke sa abu ya tsimu, ya kuma fitar da littafi kan giya a 1876. A ɗakin binciken Carlsberg na Denmak ne Emil Hansen ya ware yis tsantsa a 1883, a nan kuma Sørensen ya ƙirƙiro ma'aunin tsami na pH a 1909, wanda nake koyar da ɗalibaina har gobe.

Tankin da kamfanonin lemo suka yar

Dahuwa ɗaya galan biyar ce, wajen lita 19, kwalba 50 da 'yan kai. Wanke kwalba 50, cika su ɗaya-ɗaya, sa musu ɗan sukari don su yi gas, buga murfi, jiran mako biyu: wannan wahala ce ke korar mutane da yawa. Kuma idan sukarin ya yi yawa kwalba na iya fashewa a cikin kabad.

Mafita ta zo daga inda ba a zata ba. Shekaru da dama gidajen abinci a Amurka suna karɓar lemo a cikin wani dogon tanki na ƙarfe marar tsatsa mai cin galan biyar, wanda kamfanin Cornelius ya yi fice wajen ƙerawa. Da kamfanonin lemo suka koma kai ruwan zaƙinsu a leda cikin kwali, sai tankunan suka zama tarkace, masu dahuwar gida suka yi ta kwasa da araha. "Koni" suke ce masa. Yana da faffaɗan murfi da hannu ke shiga a wanke ciki, da kawuna biyu a sama: ɗaya iska ke shiga, ɗaya kuma yana haɗe da dogon bututu har gindin tankin, ta nan ruwan ke fita. Har yau iri biyu ne a kasuwa. Na Pepsi kansa yana kamawa da 'yan ƙananan ƙwallaye, na Coca-Cola kuma da ƙusoshi, biyu a ɓangaren iska, uku a ɓangaren ruwa. Wanda ya sayi tsoho, abin farko da zai yi shi ne sauya duk robobin da ke toshe kafofi, domin ƙamshin tsohon lemo ba ya barinsu.

Tarihi ya yi zagaye a nan. Ruwa mai gas kansa a gefen masana'antar giya aka gano shi. Joseph Priestley, da ya zauna kusa da wata a garin Leeds na Ingila daga 1767, ya lura cewa ruwan da aka ajiye a saman babbar tukunyar tsimi yana shan iskar da ke tasowa. Ya buga bayanin hanyarsa a 1772, daga nan sana'ar lemo ta samo asali.

Sanyi, matsi da tsawon tiyo

Tankin kaɗai ba ya aiki sai da tukunyar iskar kabon. Matsin da ke cikin tukunyar yakan kai psi 800, alhali tayar ƙaramar mota da mai faci ke hura maka wajen 32 take ɗauka. Saboda haka ake ɗaura mata na'urar rage matsi mai agogo biyu, a sauke shi zuwa 10 ko 12. Ƙa'idar da ke mulkin wannan wuri William Henry na Manchester ya bayyana ta a 1803: gwargwadon matsi, gwargwadon iskar da ruwa zai sha. Sanyi ma yana ƙara masa sha. A digiri 3 ko 4, psi 12 ya isa lita ɗaya ta haɗiye wajen lita biyu da rabi na iska cikin mako ɗaya zuwa biyu. A zafin ɗaki kuwa sai an kai 30 ko fiye.

Shi ya sa tankin ke kwana a firiji. Maƙwabcina tsohuwar firiza mai buɗewa ta sama ya samu, ya ɗaga murfinta da katako, ya huda katakon ya ɗaura famfuna uku, ya sa mata na'urar da ke kashe ta kafin ruwa ya daskare. Abin da ya fi ba sababbin shiga mamaki shi ne tiyo. Idan ya yi gajere, ruwan zai fito da ƙarfi, kofi ya cika da kumfa zalla. Siririn tiyo mai tsawon mita biyu zuwa uku shi ke cinye matsin a hankali kafin ya iso famfo. Yoyon iska kuma da ruwan sabulu ake gano shi. Tukunyar a tsaye take zama a ɗaure. Iskar kabon kuwa ta fi iskar shaƙa nauyi, ba ta da launi, kuma idan ta taru a rufaffen ɗaki tana iya kisa.

Inda abin ya shafe mu

Ɗaya daga cikin famfunan nan uku ruwan citta ne da lemon tsami, marar barasa, na jikokinsa da baƙi irina. Tankin bai san giya ba, matsi kawai ya sani. Zoɓo ko tsamiya da aka tace sosai za su ɗauki gas daidai da haka, matuƙar akwai wutar da za ta riƙe sanyi.

Ba baƙin wannan ilimi ba ne mu. Matan da ke dafa burkutu da dawa a wasu sassan Arewa tsiro da tafasa da tsimi suke bi, sai dai tasu ba ta jure kwanaki saboda a buɗe take. Lokacin da Najeriya ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988, dawar manomanmu kamfanoni suka koma saye, har da masu yin lemon malt.

Amma darasin da ya fi kusa da mu yana cikin robar kunu. Yis ba sai an saya ba. Yana kan ɓawon 'ya'yan itace, da hatsi, da mazubin da ba a wanke da kyau ba. Duk inda sukari da ɗumi da lokaci suka haɗu, zai kama aiki bai nemi izinin kowa ba. Robar kunun aya ko zoɓo da ta kumbura ta yi tauri a zafin rana, ta yi huci da aka buɗe, tana shaida cewa tsimi ya soma. A Sahihu Muslim an ruwaito daga Ibn Abbas cewa ana jiƙa wa Annabi (SAW) zabibi a ruwa, yana sha har zuwa yammacin kwana na uku, bayan nan ba ya ci gaba da shan abin da ya rage. Mai dahuwar Kolorado yana lissafin zafi da kwanaki ne don yis ya yi aiki. Mai sayar da zoɓo a Kano ko Maraɗi lissafin nan ɗaya take buƙata don ta hana shi: ta tafasa, ta wanke roba da murfi sosai, ta sanyaya da wuri, kuma ta dafa iya abin da za ta sayar a ranar.