Kalkulas: Lissafin Da Ke Jiranmu A Jami'a

Mu 'yan aji 3 na ƙaramar sakandare mun kusa zaɓen ajin da za mu shiga a babbar sakandare. Da yawanmu muna cewa injiniya za mu zama, ko masanin kwamfuta, amma da an shigo darasin lissafi sai mu koma bayan aji. Shi ya sa muka tambayi malamanmu da yayyenmu da ke jami'a a kan wani kwas da duk mai son waɗannan fannoni sai ya haɗu da shi a shekarar farko. Sunansa kalkulas.

Mene ne kalkulas?

Lissafi ne na abin da ke canzawa. Idan mota ta yi kilomita 120 a awa 2, mun iya rabawa mu ce tana yin kilomita 60 a awa ɗaya. To amma direba ya tsaya a shingen jami'an tsaro, ya kuma taka wuta a inda titi ya miƙe. Nawa ne gudun motar a daidai ƙarfe 9 da minti 10? Wannan tambayar kalkulas ke amsawa. Haka kuma idan famfo yana zuba a tanki, wani lokaci da ƙarfi wani lokaci tsil-tsil, da kalkulas ake tara yawan ruwan da ya shiga. Isaac Newton na Ingila da Gottfried Leibniz na Jamus ne suka shimfiɗa wannan ilimi a ƙarni na 17, kowa ya yi nasa daban. Leibniz ya buga nasa aikin a 1684.

Kafin a kai ga kwas ɗin

Sai mutum ya samu kiredit 5 a jarrabawar WAEC ko NECO, har da Turanci da lissafi. Sannan ya zauna jarrabawar JAMB, darasi 4 a kan maki 400. A tsarin karatun da hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, wato NUC, ta fitar, ɗalibin shekarar farko yana yin MTH 101, inda ake aljebra da lissafin kusurwoyi. Daga nan sai MTH 102, wanda shi ne kalkulas ɗin. Kun ga ke nan aljebra ce a gaba, wato wannan x da y da muke gudu a yanzu.

Yadda ake raba maki

Makin kwas 100 ne. A jami'o'i da dama, 30 na gwaji da jinga ne, 70 kuma na babbar jarrabawa. Wasu suna yin 40 da 60. Bayan an haɗa, ga yadda yawanci ake ba da sakamako:

70 zuwa 100: A, daraja 5
60 zuwa 69: B, daraja 4
50 zuwa 59: C, daraja 3
45 zuwa 49: D, daraja 2
40 zuwa 44: E, daraja 1
0 zuwa 39: F, babu ko ɗaya

Mu ɗauki misali. Ɗaliba ta samu 25 cikin 30 a gwaji. Maki 45 kawai take nema a jarrabawa ta samu A. Wani kuma gwaji ɗaya ya wuce shi, ya tashi da 12. Shi sai ya ci 58 cikin 70 kafin ya ga A, kuma ko tsallakewa kawai yake so, sai ya kawo 28. Tun kafin ranar jarrabawa an riga an bar shi a baya.

Akwai kuma dokar zuwa aji. A jami'o'i da yawa, wanda bai halarci kashi 75 cikin 100 na lacca ba, ana iya hana shi shiga jarrabawa. Idan lacca 20 aka yi, dole a ga sunanka a 15.

Idan aka faɗi fa?

A jami'a ba a cewa ka faɗi lissafi amma ka ci sauran, don haka wuce kawai. Wanda ya samu F zai ɗauki kari-oba, wato ya sake kwas ɗin a shekara mai zuwa tare da ƙannensa. Kuma F tana jan sakamako ƙasa. Kowane kwas yana da nauyi da ake kira yunit, ana ninka shi da darajar da ka samu. A ce ka yi kwas 2, kowanne yunit 2. Ka samu A a ɗaya, wato 5 sau 2, ya zama 10. Ka samu F a kalkulas, wato 0. A raba 10 gida 4, sai ka tashi da 2.5, alhali digiri mai daraja ta ɗaya daga 4.50 yake farawa. Idan kari-oba ta yi yawa, har ƙarin shekara takan jawo, kuma iyayenmu ne za su sake biyan kuɗin rajista.

Me za mu yi tun yanzu?

Yayyenmu sun ce ba sabon darasin ne ya fi kayar da mutane ba, tsohon ne: raba lamba gida-gida, alamar ragi a gaban baka, da zana giraf. Duk a ajinmu ake koyar da su. Da ma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Don haka mu daina kwafar aikin gida da safe kafin taron asambili. Abin da ba mu gane ba mu ɗaga hannu mu tambaya, ko da za a yi mana dariya. Wanda ya iya kuma ya zauna da wanda bai iya ba a lokacin tara.

Ga tambayarmu ta wannan mako: ɗalibi ya samu 18 cikin 30 a gwaji, maki nawa yake bukata a jarrabawa ya samu B? A rubuta amsa a takarda, a saka a akwatin ƙungiyar 'yan jarida kafin ranar Juma'a.