Sa'a Guda a Bayan Ƙofa: Wasan Ɗakin Kuɓuta da Abin da Zai Tarar a Ƙonni

Ƙa'idar wasan ba ta da tsawo. Ana shigar da mutum biyu zuwa shida cikin ɗaki guda, a ja ƙofa, a kunna agogo mai ƙirga minti 60. A ciki akwai akwatuna masu kwaɗo, takardu masu rubutun da ba a gane kansa nan take, hotuna a bango, wataƙila har da agogon da aka tsayar da gangan a kan ƙarfe uku da kwata. Kowane abu yana ɓoye da lamba ko kalmar da za ta buɗe wani. Mai kula da wasa yana waje yana kallo ta kyamara, in ya ga abin ya cije sai ya ba da ɗan haske. In an buɗe kwaɗon ƙarshe kafin lokaci ya cika, an ci. In ba haka ba, shi zai shigo ya nuna wa mutane abin da suka yi ta wucewa ba su gani ba.

A kwamfuta abin ya fara suna. A 2004 wani ɗan Japan, Toshimitsu Takagi, ya saki Crimson Room a intanet, wasan da mutum ke farkawa cikin jan ɗaki yana lalube har ya sami mafita. A 2007 Takao Kato da kamfaninsa SCRAP suka mayar da shi wasan zahiri a birnin Kyoto. A Turai kuwa, Attila Gyurkovics ya buɗe ParaPark a Budafes ta ƙasar Hungari a 2011, shekara guda bayan haka SCRAP ya isa San Faransisko a Amurka. Yau iyalai ke zuwa ranar hutu, abokai ranar biki, kamfanoni kuma su kai ma'aikatansu don su koyi aiki tare.

Ga ɗan Nijar da ya tashi da kallon tashoshin Faransa, wannan ba baƙon abu ba ne. Tun 1990 ake nuna Fort Boyard, inda 'yan wasa ke shiga ɗakunan wata tsohuwar ganuwa da ke tsakiyar teku suna farautar makullai, tsoho Père Fouras yana yi musu kacici-kacici. Wanda bai taɓa ganin talabijin ba ma ya san rabin wasan tun a gaban kaka. Da dare in aka ce "ɗakin samari ba ƙofa", yara su yi ta jefa amsa, wanda ya ce ƙwai ya huta, in duk sun kasa sai su ba mai tambaya gari kafin ya faɗa. Dara kuma, mai gurbi 30 da 'ya'ya 12 ga kowane ɗan wasa, ta daɗe tana koya wa maza zaman lissafi a gindin bishiya. Sai dai a dara mutum biyu ne ke neman cinye juna, a kacici-kacici kowa ta kansa yake yi. A ɗakin kuɓuta abokin gaba ɗaya ne, agogo, kuma da gangan ake tsara ɗakin yadda kai guda ba zai iya gama shi ba.

Nan ne wasan zai yi karo da tarbiyya. A gidan Bahaushe ƙarami ba ya gyara wa babba magana a gaban mutane, amma kwaɗo bai san furfura ba. A ce iyali daga Malbaza sun shiga: maigida, ɗansa mai aiki a masana'antar siminti, da 'yar auta mai shekara 12. Babban wa ya riƙe kwaɗo ya gwada lamba sau goma bai buɗe ba. Yarinyar ta riga ta lura cewa rubutun bangon daga dama yake tafiya, sai ta ce a hankali, "Yaya, ko a gwada ta baya?" In aka ce mata "Ke, bari manya su yi tunani," minti goma sun tafi a banza. Haka abin yake ga ma'aikatan ofis ɗaya, inda akawu zai ga amsa ya tsaya jiran shugaba ya gama bayani. Shi ya sa kamfanoni ke biyan kuɗin wannan sa'a: tana nuna wanda ke saurare, da wanda ke ƙwace kowace takarda a hannun mutane, da wanda ya sani amma ya yi gum. Ba rashin kunya ake koyarwa ba. "Ranka ya daɗe, ina ganin lambar tana bayan hoton nan" magana ce mai ladabi, faɗin ta a kan kari ne ke da wuya.

Wanda ya so ya shirya irin wannan ɗaki a Birnin Ƙonni zai yi kuskure in ya kwafo labarin fatalwa ko na 'yan leƙen asiri daga Turai, domin garin kan iyaka yana da nasa kayan wasa ƙwaƙwalwa. Ga ƙirgar kuɗi: a Nijar dala tamma 5 ce, jaka kuma 1,000. In takarda ta ce "dala ashirin da biyar", mai sayar da albasar Galmi za ta ce 125 kafin ɗalibin jami'a ya ciro wayarsa. Ga rubutu iri uku da ke yawo a gari ɗaya, Faransanci da boko da ajami, wanda ke nufin alamar da aka rubuta da ajami sai kaka ko almajiri ya karanta wa 'yan lakwal. Ga hanya: duk direban da ya saba bin babbar hanyar ƙasa zuwa gabas zai jera Ƙonni, Tsarnawa, Malbaza, Galmi ba tare da ya yi tunani ba, ya kuma san cewa a Tsarnawa ake karkata zuwa Badagishiri da Tawa. Har Illela biyu ke akwai, ta jihar Sakkwato da ke tsallaken iyaka da ta jihar Tawa, abin da ya isa ya ɓatar da gwani na minti biyar. Ɗakin da aka gina da irin waɗannan zai sa a nemi tsohuwa da yaro da ɗan kasuwa, ba mai takardar shaida kawai ba.

Kuɗin shiga sai an sake shi gaba ɗaya. A Faransa mutum guda yakan biya yuro 20 zuwa 30, wato daga jaka 13 zuwa kusan jaka 20, abin da ba mai bayarwa don wasan sa'a guda a nan. Sa'ar da aka yi ita ce kayan ba su da tsada: kwaɗuna masu lamba, tsofaffin akwatunan ƙarfe, madubi, tocila, allo. Aji guda a makaranta lokacin hutu ko ɗaki a gidan matasa ya wadatar, kuma samarin fada da ke kwana kan shayi su ne kwastomomin farko. Wanda ya dogara da kwaɗon lantarki kuwa, ranar da aka ɗauke wuta zai gane kurensa. Sai batun zafi, don a watan Afrilu da Mayu, lokacin da ma'auni ke haura 40, ba mai hankalin da zai rufe mutum shida a ɗakin kwano da rana tsaka. Iyaye kuma za su tambayi wa zai shiga da wa, don haka rukunin 'yan gida ɗaya, ko na mata zalla da mace mai kula, ya fi saurin karɓuwa.

Abu ɗaya ne ba a sassauta shi. Ranar 4 ga Janairu 2019, a garin Koszalin na ƙasar Polan, 'yan mata biyar masu shekara 15 suka je bikin ranar haihuwar ɗayarsu a irin wannan ɗaki. Iskar gas ta na'urar ɗumama wuri ta tsiyaya, wuta ta tashi a ɗakin jira, ba ƙofar gaggawa, hayaƙi ya kashe su duka. Hukumomi suka bi ɗakunan ƙasar da bincike, suka rufe da dama. A wuraren da suka san aikinsu kulle ƙofa na labari ne kawai: ko dai a bar ta a saye, ko a sa maɓallin da ke buɗe ta nan take daga ciki. Kwaɗo na akwati ne da aljihun tebur. Mai kula ba ya barin bakin ƙofa har wasa ya ƙare, kuma ba a ajiye tukunyar gas, janareto ko galan ɗin fetur kusa da ɗakin, abin da ya kamata a nanata a garin da ake sayar da mai a kwalba a bakin titi.