Wakilin Suna da Sifa 'Yar Aikatau: Inda Makin Turanci Ke Zubewa

Ɗalibin Gwandu ko Kalgo da ke burin shiga jami'a ba sai ya yi doguwar tafiya ba. Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda aka kafa a 2013, tana nan a Kalgo, kan hanyar Bunza. Sai dai kafin a shiga ana neman kiredit biyar a WAEC ko NECO, ciki har da Turanci, kuma a jarrabawar JAMB Turanci dole ne ga kowa, ko likita kake son zama ko lauya. A takardar insha'i akwai maki da aka ware don daidaiton nahawu da ƙa'idojin rubutu, kuma kowane kuskure yana zaftare wani abu daga ciki. A wannan makon mun ɗauko wurare biyu da ɗalibai ke yawan tuntuɓe: wakilin suna da sifa 'yar aikatau.

Nahawu ba baƙo ba ne a wannan yanki. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo, ƙanen Shehu Usmanu, wanda kabarinsa ke Gwandu, ya wallafa Al-Bahrul Muhiɗ a kan nahawun Larabci da Al-Hisnur Rasin a kan sarfu, dukansu a waƙe. Larabci ba harshen da ya tashi da shi a gida ba ne, koyonsa ya yi har ya zama malamin malamai. Don haka kada ɗan Gwandu ya ce ƙa'idojin wani harshe sun fi ƙarfinsa.

Kai, ke, ku: duk "you" ne

A wasu wurare Hausa ta fi Turanci rarrabewa. Muna da kai, ke da ku, amma Turanci "you" kaɗai yake da ita. Haka kuma kowane suna a Hausa namiji ne ko tamace: littafi ya ɓace, mota ta lalace. Turanci kuwa mutane yake ba "he" da "she", kayan amfani su ɗauki "it". Idan motar Jega ta mace a hanya, "It broke down" za ka rubuta.

Tarko na biyu ya fi wannan ɓoyewa. A Hausa ba ma cewa "Audu tafi", sai mun sa "ya" a tsakani: Audu ya tafi. Wannan sabo ne ke sa ɗalibi ya rubuta "Audu he went home". A Turanci ɗaya ake zaɓa, ko "Audu went home" ko "He went home".

Na uku shi ne jam'in girmamawa. Ladabi ne mu ce "Malam sun iso" alhali mutum ɗaya muke nufi. Turanci ba ya girmama mutum ta wannan hanya. "The teacher has arrived" ita ce daidai, da "has" ta tilo.

Ni da Musa

"I" ko "me"? Ga gwaji mai sauƙi: cire ɗaya mutumin ka ji yadda jimlar take. "Me and Musa went to Kalgo" idan aka cire Musa sai ta koma "Me went to Kalgo", kuma kunne ma ya san wannan ba ta yi ba. Abin da ya dace shi ne "Musa and I went to Kalgo". Ku lura, Turanci yana sa mai magana a ƙarshe, saɓanin namu "ni da Musa". Amma idan mu aka yi wa aikin, "me" ce ke zuwa: "The principal called Musa and me". Bayan "between" ma haka ne: "between you and me".

Akwai kuma kalmomi biyu da Hausa ta raba mana tun fil'azal: kansu da juna. "They love themselves" na nufin suna son kansu, wato kowa kansa ya sani. Idan son juna kake nufi, "They love each other" za ka ce. Duk wanda ya fassara jimlar a zuci kafin ya rubuta ba zai faɗa wannan rami ba.

Dafaffe, rubutacce, karyayye

Abin da littattafan Turanci ke kira "participle" muna da irinsa. Daga dafa mun sami dafaffen ƙwai, daga rubuta mun sami rubutacciyar wasiƙa, daga karya mun sami karyayyar kujera. Su ne "boiled egg", "written letter" da "broken chair". 'Yan Islamiyya sun san wannan da sunan ismul maf'uli, kamar maktub, abin da aka rubuta, kishiyar ismul fa'ili, kamar katib, mai rubutawa.

Turanci na da iri biyu. Mai ƙarewa da "-ing" yana nuna abin da ke jawo hali, mai ƙarewa da "-ed" yana nuna wanda halin ya sama. "The lesson is boring" na nufin darasin yana gundurar mutane. "I am bored" na nufin na gundura. Wanda ya ce "I am boring" ya shaida wa duniya cewa shi ne mai gundurarwa. Haka abin yake da "confusing" da "confused", da "interesting" da "interested".

Wasu aikatau ba sa ɗaukar "-ed", sai an haddace su uku-uku: "go, went, gone", "write, wrote, written", "take, took, taken", "eat, ate, eaten". Na ukun shi ne ke bin "has", "have" da "had". Saboda haka "She has gone" ce daidai, "She has went" kuskure ce.

"An sace": inda darussan biyu suka haɗu

Hausa na da ɗan wakili mai amfani ƙwarai: "an". An sace kekena, an ɗage jarrabawa. Ba mu faɗi wanda ya yi ba. Da yawa suna mayar da shi "they", su rubuta "They have stolen my bicycle", sai mai duba takarda ya tambaya: su wa? Turanci na yin wannan aiki ne da wani nau'i na "be" tare da siffa ta uku: "My bicycle has been stolen", "The exam has been postponed". Ku riƙe wannan: "been" na bin "has" ko "have" ko "had", "being" kuma na bin "is", "are", "was" ko "were". "The road is being repaired" na nufin ana kan gyaran hanyar.

Haka kuma ba kowane "ina" ne ke zama "-ing" ba. "Ina da biro" ita ce "I have a pen". "Ina jin Hausa" ita ce "I understand Hausa".

Akuya a kan babur

Karanta wannan: "Riding to Gwandu, a goat crossed the road." A ƙa'ida, sunan da ya zo nan take bayan waƙafi shi ne mai aikin farko, don haka jimlar ta ɗora akuya a kan babur. Gyaranta: "Riding to Gwandu, I saw a goat cross the road." Duk lokacin da ka buɗe jimla da "-ing", tambayi kanka wa ke yin aikin, sannan ka sa shi bayan waƙafi.

Aikin mako

Gyara waɗannan jimloli biyar, ka nuna wa malamin Turanci ko abokin karatunka:

1. My mother she sells rice at Kalgo market.
2. The teacher gave Hauwa and I a new book.
3. We have wrote the test.
4. I was very confusing during the lesson.
5. Walking to school, the rain started.

Bayan haka, ɗauko tsohuwar insha'inka, ka ja layi ƙarƙashin kowane wakilin suna da kowace kalma mai "-ing" ko "-ed". A kan kowanne ka yi tambaya biyu: wa wannan kalma ke nufi, kuma shi ya yi aikin ko shi aka yi wa? Amsoshin jimlolin biyar za su fito a wannan shafi mako mai zuwa.