Tebur na Uku da Harajin Kasuwa

Ɗan kasuwar Bande ba ya zama wuri ɗaya. Yau ya kai gyaɗa Magaria, jibi ya sauke buhunan gero a Dungass, kuma kowace kasuwa cike take da irinsa. Mai rubuta manhajar karɓar haraji sai ya ci karo da tambaya: ina za a rubuta kuɗin da mutumin ya biya?

Ba za a liƙa su a sunansa ba, domin abin da yake biya ya bambanta daga kasuwa zuwa kasuwa. Ba za a liƙa su a sunan kasuwar ba, tunda mai shanu da mai goro ba kuɗinsu ɗaya ba. Tsarin teburori da Edgar Codd na kamfanin IBM ya gabatar a 1970 yana warware wannan da tebur na uku, bayan na 'yan kasuwa da na kasuwanni. Kowane layi a cikinsa tamkar rasit ne: lambar ɗan kasuwa, lambar kasuwa, rana, rumfa da adadin sefa.

Manhajojin da ke fassara tsakanin shirin kwamfuta da rumbun bayanai sukan ɓoye teburin nan. Django, ɗaya daga cikinsu, kan ƙirƙiro shi da kansa, amma lambobin ɓangarorin biyu kawai yake riƙewa. Tun fitowar Django 1.0 a 2008, zaɓin through yana ba mai shiri damar gina nasa, ya ƙara abin da yake so.

Masu gaggawa sukan yi tuntuɓe a wuri guda. Idan aka hana maimaita ɗan kasuwa da kasuwa ba tare da an haɗa da rana ba, manhajar za ta ƙi karɓar rasit ɗin mako na biyu.