Amsar Takardunku: Jirgin Ruwan Yaƙi Na Kwali

Takardarmu ta wannan mako ta fito daga wani manomi a Kibiya, wanda ya ce yakan kai hatsi kasuwar Rano. Yana cewa ɗansa da ke aji shida na firamare ya ga hoton jirgin ruwan yaƙi a jikin kalanda, tun ran nan ya hana kowa sakat a gida, ya tara kwalaye ya ce sai ya yi irinsa. Sau biyu yana haɗawa abin yana wargajewa. Malamin yana tambaya, shin akwai yadda ake yi, kuma wannan ba ɓata lokaci ba ne ga yaron da ya isa taya shi aiki a gona?

To Malam, mun gode da wannan takarda. Akwai yadda ake yi, kuma ina kyautata zaton abin da ke kayar da yaronka shi ne yana yanka da ido, ba ya awo. Motar kara takan yafe wa yaro wannan, jirgi ba ya yafewa.

Bari mu ɗauki jirgin da sunansa ma namu ne. Rundunar sojan ruwa ta Nijeriya ta sayi wani babban jirgin yaƙi da aka sa wa suna Aradu, e, aradun nan da ka sani ta damina. Kamfanin Blohm da Voss ne ya ƙera shi a birnin Hambug na ƙasar Jamus, aka saka shi a ruwa a 1980, ya fara aiki a 1982. A 2005 har Ingila ya je, wajen bikin cika shekara 200 da yaƙin ruwa na Tarafalga. Ba shi kaɗai ke da sunan Hausa ba, an yi Dorina, an yi Damisa, ga kuma Kada wanda ya iso a 2022.

Tsawon Aradu kusan mita 125 ne, ya fi filin ƙwallo tsawo, faɗinsa mita 15. Yanzu sai yaro ya raba kowane awo gida 250. Tsawo zai dawo santimita 50, wato kamar kamu guda na babban mutum, faɗi kuma santimita 6. Duk abin da zai ɗora a kai dole ya bi wannan rabo. Matuƙin jirgin, in da za a yi shi, bai fi ƙwayar shinkafa tsawo ba. In yaro ya manta da haka ya kafa igwa mai kaurin babban yatsa, sai ka ga jirgin ya koma kwalekwalen masunta ɗauke da turmi.

Kwali iri biyu zai nema. Mai kauri, irin katan ɗin taliya ko sabulu da 'yan tireda ke yarwa, shi ne na gindi da haƙarƙari. Marar kauri, irin kwalin sukari ko na maganin sauro, shi ne fata. Sai rula, fensir, almakashi da reza. Don Allah sabuwar reza, kada ya tsinto wadda wani ya yi aski da ita, kuma babba ya zauna kusa lokacin yanka. Ba sai ka sayi gam ba. Ƙaron nan da almajirai ke zubawa a tawada, in aka jiƙa shi ya yi kauri, yana riƙe kwali sosai. Sitacin rogo ma yana yi, sai dai kyankyaso da gara suna son sa.

Da fari ya zana gindin a kan kwali mai kauri, gaba da tsini, baya a datse. Dabarar ita ce ya ninke takarda biyu a tsaye, ya zana rabi ɗaya, ya yanka, in ya buɗe sai ɓangarorin su fito daidai wa daida. Wannan takarda zai ɗora ya kwafa. Daga nan ya yanka doguwar tsiri ya tsayar da ita a tsakiya tun daga gaba har baya, ita ce ƙashin baya. Sai haƙarƙari guda bakwai ko takwas a gicce, na tsakiya su fi faɗi, na gaba suna tsukewa. Ya tsaga kowanne rabi, ya tsaga ƙashin bayan rabi, su shige juna kamar yadda kafinta ke haɗa katako. A nan ne yawancin yara ke gaggawa, su manna fata a kan iska babu abin da ya tokare ta daga ciki. Ya bar wannan ƙwarangwal ya kwana ya bushe tukuna.

Washegari ya rufe sama da shimfiɗa, sannan ya kewaye gefuna da kwali marar kauri. Wurin da zai lanƙwasa, ya murza kwalin a jikin kwalba har ya yi laushi. Wurin da zai karya kwana, ya ja layi da bayan reza, kada ya huda.

Sauran kuma kallon hoto ne. Igwa babba tana gaba, bayanta ɗakin matuƙa, sai doguwar sanda mai ɗauke da na'urar hango abokan gaba, sai bututun hayaƙi, can baya kuma fili a share inda jirgi mai saukar ungulu ke sauka. Totuwar kara tana yin kan igwa, tsinken tsintsiya bakinta. Launin jiragen yaƙi ruwan toka ne don su saje da teku da hazo. Ya tankaɗe toka ya dama da ruwan ƙaro, ya shafa sama-sama, in ya cika ruwa kwalin zai kumbura. Lambar Aradu F89 ce, a rubuta ta a gefe wajen gaba.

Na san tambayar da za ta biyo baya, shin zai hau ruwa? Na gaskiyan ƙarfe ne mai nauyin tan dubu uku da wani abu, amma ba ya nutsewa, saboda dalilin da ya sa kwanon sha ke yawo a kan randa alhali allura tana nutsewa: cikinsa fanko ne, ruwan da ya ture ya kai nauyinsa. Na kwali ma zai tsaya in an shafe gindinsa da kakin kyandir aka sa 'yan tsakuwa a ƙasan cikinsa, amma na ɗan lokaci ne. A gwada a baho cikin gida. Kada a bar yaro ya nufi dam ɗin Tiga ko Ruwan Kanya ko bakin hanyar ruwan noman rani da shi, jirgi ya kuɓuce ya ce zai bi.

Game da ɓata lokaci kuwa, mu da muka yi kwalejin horon malamai an koya mana irin wannan a darasin aikin hannu, kuma lissafi ne tsantsa. Irin wannan rabo shi ne wanda magini ke karantawa a zanen gida, shi ne na ma'aikacin safiyo in ya zo auna gona ya mai da ita kan takarda. Ni dai shawarata, ka ba shi bayan la'asar in an taso daga gona, da sharaɗi ɗaya: kafin ya taɓa reza, ya kawo maka littafinsa ka ga inda ya rubuta awon kowane yanki.