Shin Ko Kun San? Fuskokin Kakannin Sarakuna

Shin ko kun san cewa duk hoton Sarkin Kano da za ku gani a kalandar shagunan Gyaɗi-Gyaɗi, ko a bayan Adaidaita Sahu a Titin Zariya, na jikokin mutum ɗaya ne? Shi ne Sarki Ibrahim Dabo, Basulluɓe, wanda ya yi mulki daga 1819 zuwa 1846. Tun daga lokacin sarautar Kano ba ta bar gidansa ba. Amma shi kansa Dabo ba shi da hoto ko ɗaya da aka yi yana raye.

Ko kun san a zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499, sarakunan Turai sun duƙufa wajen sa a zana fuskokinsu? Har Sarkin Daular Usmaniyya, Muhammadu Alfatih, ya gayyato mai zane Gentile Bellini daga Banis, ya zana shi a 1480. Zanen yana Landan a yau.

A 1537 Sarkin Ingila Henry na Takwas ya sa Hans Holbein ya zana shi a bangon fadar Whitehall tare da iyayensa, waɗanda suka daɗe da rasuwa. Manufarsa a fili take. Mahaifinsa da yaƙi ya ci sarauta a 1485, gidan sabo ne, ana so a nuna yana da tushe. Gobara ta cinye zanen a 1698.

Sarki Maximilian na Ɗaya, na gidan Habsburg, ya zarce haka. A wani coci a Innsbruck ta ƙasar Ostiriya, mutum-mutumi 28 na tagulla ke tsaye kewaye da kabarin da aka tanadar masa, kakanni da dangi da jarumai, har da Sarki Arthur na tatsuniya. Kabarin kuwa babu kowa a ciki, a wani gari aka binne shi.

To Kano fa, da me ta riƙe kakanninta? Malamai ba su yarda da zanen mai rai ba, don haka fada ta bi wata hanya, kuma a ganina hanyar ta fi gaskiya, domin ba ta ƙirƙiro wa kowa fuska ba. Akwai littafin Tarihin Kano, wanda ya jero sarakuna 48 daga Bagauda zuwa Muhammadu Bello, kowa da shekarunsa da yaƙe-yaƙensa, da yawa har da sunan mahaifiya. H. R. Palmer ya fassara shi zuwa Turanci a 1908. Akwai kirari a bakin maroƙa da 'yan kagira. Sai kayan sarauta: kakaki, figini, takalmin gashin jimina da dawakin zage, waɗanda Tarihin ya jingina wa Rumfa. Fulani sun karɓi mulki, amma ba su yar da su ba, a Gidan Rumfa ma suka zauna. Ranar Hawan Nasarawa, idan Sarki ya fito riƙe da tagwayen masu, zuri'a ce gaba ɗaya kake kallo a kan doki guda.

Hoton kyamara bai zama ruwan dare a fada ba sai bayan zuwan Turawa a 1903, shekarar da aka kama Sarki Alu, wanda ya rasu a Lakwaja a 1926. Shi ya sa muka san fuskar Abdullahi Bayero, da ta Sanusi na Ɗaya, da ta Ado Bayero, wanda ya shekara 51 a kan karaga, kuma babbar cibiyar kasuwancin nan ta Titin Gidan Zu ke ɗauke da sunansa.

Zanen Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da na Sarauniya Amina da ke yawo a kalanda da wayoyi kuwa, hasashen masu zane ne na baya-bayan nan. Ya kamata a riƙa gaya wa yara haka. Mai son ganin hotunan sarakuna na ainihi, ya ɗauki 'ya'yansa ya kai su Gidan Makama, daura da fadar Sarki.