Kashi na wannan mako: Idan Pillars ta samu tikitin BAL, wane ɗan wasa za ta ɗauko?

Gaisuwa ta musamman ga 'yan gidan kallo na Dambatta, Bichi, Makoɗa da Kunci. Yau mun ajiye ƙwallon ƙafa, ƙwallon kwando za mu taɓa.

Da yawa ba su san cewa Kano Pillars tana da ƙungiyar ƙwallon kwando ba. Tana da ita, kuma ba ƙarama ba ce: ta ci kofin Najeriya sau da dama, a 2016 kuma ta zo ta uku a gasar zakarun kulob-kulob na Afirka a Alƙahira. Yanzu babbar gasar nahiyar ita ce BAL, wadda NBA da FIBA suka fara a Kigali a 2021, zakaran Najeriya kuma kai tsaye yake shiga. To a ce Pillars ce ta samu tikitin, wa za ta ɗauko?

A nan ne maganar ɗan wasa mai zaman kansa take shigowa, wato wanda kwantiraginsa ya ƙare, ba ya hannun kowa. Ba kuɗin saye, albashi kawai za ku daidaita. Kamar ɗan ƙwadago ne a lokacin girbi: na makonni kaɗan za ka ɗauke shi, saboda haka ba ka da lokacin koya masa aiki. Ga kuma doka. A shekarar farko, baƙi huɗu kacal aka yarda kulob ya ɗauka, biyu ne kawai a ciki za su iya fitowa daga wajen Afirka. Gurbin baƙo kenan tsada gare shi.

Mu ɗauki mutum uku a matsayin misali.

Na farko mai suna, irin Ben Uzoh. Ya buga NBA, har a 2012 da rigar Toronto ya haura goma a maki, da bayar da ƙwallo, da cafke wadda ta dawo daga kwando, duk a wasa ɗaya. Yana cikin D'Tigers da suka ci kofin Afirka a 2015. Rivers Hoopers ta Fatakwal ta ɗauko shi a 2021 yana da shekara 33. Me ya faru? Wasa ɗaya suka ci cikin uku, suka dawo gida tun daga rukuni. Ba wai laifinsa ba ne shi kaɗai, a'a. Mai rarraba ƙwallo sai da masu jefawa; in babu su, ƙwarewarsa a banza take tafiya.

Na biyu mai zura maki, irin Abdoulaye Harouna, ɗan Yamai. Wannan bawan Allah ya zaga: FAP ta Kamaru a 2021, AS Salé ta Maroko a 2022, ABC Fighters ta Abijan a 2023, AS Douanes ta Dakar a 2024. Kulob huɗu, ƙasa huɗu, shekara huɗu. Wani zai ce ai ba ya zama wuri ɗaya. Ni kuwa abin da na gani shi ne, duk shekara sai an samu kocin da ya neme shi. Ya san gasar, ya san alƙalanta, ba sai ya saba da yanayi ba. Kuma tun da ɗan Afirka ne, a waccan dokar ba zai cinye maka gurbin Ba'amurke ba. Matsalar irin waɗannan ita ce suna son ƙwallo a hannu, ranar da jifa ta ƙi, sai ƙungiya ta tsaya cak.

Na uku dogo na ƙarƙashin kwando, irin Peter Olisemeka, ɗan Najeriya da ya buga a Turai. Ba shi ne za ka gani a bidiyon TikTok ba. Aikinsa tare hanya da cafke ƙwallon da ta dawo, kuma kowace ya cafke, dama ce ta ƙaru gare ku ta ragu ga abokan hamayya. A wasan minti 40 wannan ba ƙaramin abu ba ne. Yana cikin Rivers Hoopers ta 2024, tare da Will Perry da Kelvin Amayo, wadda ta zo ta uku, kocinta Ogoh Odaudu kuma ya zama gwarzon koci na shekarar. Kulob ɗaya fa da na 2021, amma an haɗa mutanen da kowa ya san aikinsa.

In ni ne mai riƙe da jakar Pillars, dogo ɗan gida zan fara nema, don ba ya cin gurbin baƙo, kuma dogaye masu gwaninta su ne suka fi wuyar samu. Sai mai maki irin Harouna. Mai suna shi ne na ƙarshe, in kuɗi ya ragu, kuma sai likita ya duba gwiwarsa kafin a sa hannu.

Ku fa, wa za ku fara ɗauka? Ku rubuta mana a ƙasa. Sai mun haɗu a kashi na gaba, in Allah ya kai mu.